Dogon katun ko gajere: wanne ya dace da yarinya mai saurin firgita?

Maman Ummi, sannu da ɗawainiya. Kin ce Ummi shekararta huɗu, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura, kuma tun ranar da yayyenta suka kunna The Lion King a falo take farkawa cikin dare tana kiran babanta. Kina tambaya ko ki ci gaba da zaɓo mata daga manyan katun ɗin da mai tura fim na unguwar Mabera a Sakkwato ya cika miki memori da su, ko ki koma kan gajerun da ake yi wa ƙananan yara. Ni dai gajerun zan ce, har sai ta kai shida ko bakwai. Bari in aje miki su kusa da juna ki ga dalili.

Dogayen ba don 'yar shekara huɗu kaɗai aka yi su ba. Ana so uwa da uba da matashi duk su zauna awa ɗaya da rabi ba su gaji ba, kuma hanyar da aka saba riƙe su da ita ita ce a jefa yaron cikin labarin a babban rashi tun da wuri. The Lion King na 1994 minti 88 ne. Ki tuna wurin da garken namun dawa ya wuce, ƙura ta lafa, ɗan zakin ya sauko ya tarar da ubansa kwance. Ya ture shi da kai, ya ja masa kunne, ya ce ya tashi su tafi gida, da ya ga bai motsa ba sai ya shige ƙarƙashin hannunsa ya kwanta. Sannan ƙanen uban, wanda shi ya yi kisan, ya zo ya ɗora wa yaron laifi. Babba yana kallon wannan ya san gaba za a rama. Ummi abin da ta ɗauka shi ne uba yana iya kwantawa ya ƙi tashi, shi ya sa take lalubar nata da dare. Finding Nemo na 2003 ma haka yake: kafin a rubuta sunan fim ɗin wani kifi mai haƙora ya riga ya halaka uwar da ƙwayayenta, saura ɗaya tak. Tsohuwar dabara ce, tun Bambi na 1942 da mafarauci ya harbe uwar barewa.

Kada harafin G da za ki gani a jikinsu ya ruɗe ki. Alama ce ta masu tantance fim a Amurka, tana nufin kowa na iya shiga kallo. Duka ukun nan G ne.

Gajerun kuwa ginin su daban ne. Ɗauki Shaun the Sheep, na kamfanin Aardman a Ingila, wanda aka fara nunawa a 2007. Kowane kashi kamar minti bakwai ne, kuma matsalar da ke ciki ba ta wuce ta tumaki sun samu kabeji sun mai da shi ƙwallo, ko suna ƙoƙarin gyara ɓarnar da suka yi kafin mai gona ya dawo. Ba a magana ko kaɗan, sai kukan tumaki da gunaguni, don haka babu zancen ba ta jin Turanci. Yarinyar da ta taso tana ganin rago a ɗaure a tsakar gida nan take za ta gane su. Akwai aladun maƙwabta da kare mai gadi a ciki, na faɗa miki don kada wata ta gani ta ce ban ce ba. Bluey na Ostareliya, na 2018, shi ma minti bakwai ne, wasan yara da iyayensu ne kawai, sai dai hira ce ƙashin bayansa kuma da Turanci. Idan kina son wanda za ta ji da kunnenta, nemi Akili and Me na kamfanin Ubongo a Tanzaniya, akwai shi da Hausa, ƙirga da waƙa da haruffa ne, kuma ita Akilin sa'ar Ummi ce. Akwai kuma Dandalin Sesame, wanda aka yi shi a nan Najeriya.

Babban bambancin yana wurin tsawon lokacin da yaro zai zauna cikin fargaba kafin a kwantar masa da hankali. A gajere, in an shiga matsala a minti na biyu, kafin na bakwai an yi dariya an tashi. A dogo sai ta jira kusan awa guda kafin ta ga an hukunta mugu, kuma sau da yawa barci ya ɗauke ta kafin nan, ta kwana da rabin labari mai ban tsoro.

Wata malamar jami'ar Wisconsin a Amurka, Joanne Cantor, ta daɗe tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin. Ta gano cewa ƙanana, 'yan ƙasa da bakwai, kamannin abu ne ke firgita su fiye da haɗarinsa: mummunar fuska, ko mutum ya rikiɗe ya koma wata halitta, ko da halittar mai kirki ce. Ta kuma nuna cewa ce musu “ai ba gaskiya ba ne” bai cika yin aiki a wannan shekarun ba, rungumarsu da kawar musu da hankali ya fi. Da wannan ma'aunin za ki ga har wasu finafinanmu na Hausa da muke kira na iyali ba su tsira ba. Ana cikin barkwanci sai a shiga ɗakin boka, ga jan ƙyalle, ga dariya mai amsa kuwwa, mutum ya ɓace ɓat. Mu dariya muke yi, ita kuwa ta ga aljani da idonta. Fassarar Indiya ma ki bar wa manya, ƙarar dukan kaɗai ta ishe ta.

Ba kowane gajere ne mai sanyi ba fa. Tom and Jerry gajere ne, amma daga farko har ƙarshe duka ne da fashewa da ihu. Masha and the Bear ba ya tsoratarwa, sai dai ki shirya ganin rashin jin Masha a gidanki.

A cikin dogayen, wanda ya fi kusa da abin da kike nema shi ne My Neighbor Totoro, na Japan, 1988, wanda Hayao Miyazaki ya shirya. Babu mugu a cikinsa ko ɗaya, ba a kashe kowa, yawancinsa 'yan mata biyu ne suna wasa a sabon gidansu na ƙauye. Duk da haka ban ce ki kunna ki shiga kicin ba. Uwarsu tana kwance asibiti, ƙaramar ta ɓace a ƙarshe har aka tsinci takalmi a tafki kafin a gane ba nata ba ne, kuma shi Totoro ƙaton abu ne mai wangame baki ya yi ruri. Sannan a labarin mazaunin wata babbar bishiya ne, har uban ya kai yaran suka rusuna mata. Yarinyar da aka riga aka tsorata da aljanun tsamiya za ta iya haɗa biyun, ke ma kuma za ki so ki yi mata bayanin rusunawar. Akwai kuma wurin da uban ke wanka da 'ya'yansa bisa al'adarsu, sai ki tura gaba. Ki kalla ke kaɗai tukuna, in ya kwanta miki ki raba mata shi kwana biyu ko uku.

Lokacin kallon ma yana da nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allo. Kashi uku ko huɗu na gajere bai kai rabin wannan ba, dogo ɗaya kuwa ya zarce shi. Ki sa mata da hantsi ko bayan la'asar, kada ki bari sai bayan isha'i, balle lokacin da zafin Sakkwato ya koro kowa kwana tsakar gida, ga duhu in an ɗauke wuta. Ki rage sauti, don sau da yawa kiɗan ne ke fara tayar mata da hankali kafin hoton. In a YouTube ne ki kashe abin nan da ke shigo da wani bidiyo da kansa, ko ki sauke wanda kika tantance ki kashe data.

Su kuma yayyen ba sai an hana su nasu ba. Su jira ta tafi islamiyya ko ta yi barcin rana, kuma ki ja musu kunne kada wanda ya ƙara yi mata kukan kura da dare don tsokana. Zakin nan dai ki cire shi daga memorin da take iya kaiwa gare shi.