Abin da na gani a wurin mai koya wa yara magana

Ɗana ya wuce shekara 2 amma kalmomin bakinsa ba su taka kara sun karya ba, sai nuni da yatsa da kuka. 'Yan uwa suna ta cewa a ƙyale shi, baki zai buɗe. Hankalina bai kwanta ba, domin yawancin tsaransa sun fara haɗa kalma biyu, kamar "Mama zo".

Ƙwararriyar da muka gani ba ta fara komai ba sai da ta tura mu gwajin ji. Ta ce ruwa yakan taru a bayan dodon kunne, yaro ya riƙa jin magana sama-sama. Nasa kunnen lafiya lau.

Abin da ya fi burge ni, ni ta fi koya wa. Takan zauna a ƙasa suna fuskantar juna, ta bi duk abin da yake wasa da shi. Ta hana ni yawan tambayar "mene ne wannan?" Idan ya ce "mota", in ce "mota ta tafi". Sannan in yi shiru in jira shi. Wallahi wannan jiran ya fi komai wuya! Ta kuma ce kada mu daina yi masa harshenmu na gida, jin harsuna biyu ba ya jinkirta magana.

Inda ban ji daɗi ba, mun daɗe kafin a ba mu rana, zaman kuma gajere ne. Na so a ce tana rubuta mana aikin gida, don babansa ma ya bi.

Yanzu, alhamdu lillahi, yana cewa "buɗe min ƙofa". Harafin "r" ne bai fita ba tukuna, ta ce shi dama yakan zo a makare.