Niagara ko Banff: ina za a kai yara a Kanada?

Iyaye na yawan tambayar wanne ya fi.

Niagara, inda babbar magangarar ruwa take, ta fi sauƙi. Tafiyar kusan awa biyu ce daga Toronto, kuma kallon ruwan kyauta ne. Jirgin ruwan da ke kusantar magangarar ake biya, sai dai ana jiƙewa ko da rigar leda, don haka a riƙo wa yara kayan canji.

Banff, gandun dajin shaƙatawa a cikin tsaunuka, awa ɗaya da rabi daga birnin Calgary, sai da shiri. Masauki na tsada lokacin zafi, amma yaro ƙasa da shekara 18 ba ya biyan kuɗin shiga gandun. Tun 2023 motar gida ba ta zuwa tafkin Moraine da ke cikin gandun, sai bas, a kama kujera da wuri. In an ga beyar, babbar dabbar daji mai haɗari, a ba ta tazarar mita 100.

Mai goyo da kwana ɗaya, Niagara ta ishe shi. Masu manyan yara da ke jure tafiyar ƙasa, Banff ce tasu.