Hattara ɗaliban Damagaram: saƙon imel da ke neman lambar sirrinku na ɓarawo ne

Wannan gargaɗi ne ga ƙannena ɗaliban Jami'ar André Salifou, da sabbin masu bak da ke shirin shigowa, da malamanmu, har da iyayen da ke Magarya ko Matamaye ko Tanut, tunda aljihunsu ne ke jin jiki idan abin ya faru. Akwai damfarar da ake yi ta imel wadda ba ta buƙatar ɓarawo ya fasa komai. Roƙonka yake yi cikin ladabi ka miƙa masa lambar sirrinka da hannunka, kuma sau da yawa sai an miƙa.

Ga yadda take zuwa. Saƙo zai shigo da tambarin jami'a ko na wata hukuma a samansa, da Faransanci irin na ofis. Zai ce an fitar da jerin sunayen waɗanda za a biya bursi, ka shiga ka tabbatar da naka kafin awa 24. Ko ya ce akwai gyara a rajistarka, ko sakamakon jarrabawa ya fito, ko akwatin imel ɗinka ya cika za a rufe shi. A ƙasa akwai wurin latsawa. Kana latsawa sai ga shafi sak na Gmail, launi ɗaya, rubutu ɗaya, yana neman adireshinka da lambar sirri. Ka rubuta. Shafin ya ɗan yi juyi, ya ce an samu matsala, ko ya tura ka shafin gaskiya. Mu da muka saba da rezo mai zuwa yana ɗaukewa, ba wanda zai kawo komai a ransa, sai ka ce bari in sake gwadawa da dare. Alhali abin da ka rubuta ya riga ya isa hannun mai shafin tun a latsawar farko.

Wasu na cewa kwaɗayi ne ke kai mutum. A nan ban yarda ba. Ɗalibin da ya yi watanni yana jiran kuɗin bursi, mai ɗakin haya na masa sintiri, mai shago ya rufe masa littafin bashi, idan ya ga saƙo da sunan hukumar bursi ta ANAB a kai ba kwaɗayi ne zai sa ya latsa ba, buƙata ce. Su ma ƴan damfarar sun san haka, shi ya sa suke auna lokaci: farkon shekarar karatu, lokacin da ake jiran biya, mako na fitar sakamako. Kuma kullum da wa'adi a ciki. Wa'adin nan shi ne ainihin makaminsu, domin mutumin da aka ce masa saura awa shida ba ya tsayawa tambayar kowa.

Na sha jin ɗalibi yana cewa, "To me zai samu a imel ɗina? Ko dala ba ni da ita." Ƙanena, duba abin da ke ciki tukuna. Takardar haihuwarka da ka ɗauka a hoto ka aika, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar bak, da hoton katinka ko fasfo, duk suna nan a cikin saƙonnin da ka tura. Lambobin wayar mutanenka, idan wayarka Android ce, galibi suna ajiye a wannan asusu na Google. Hotunanka ma haka, idan ka kunna ajiyarsu. Kundin binciken da ka shekara kana rubutawa mai yiwuwa yana Drive, ma'ajiyar takardu ta Google. Sannan Facebook da duk wani wurin da ka buɗe da wannan adireshi, idan aka ce an manta lambar sirri, nan ake aiko da sabuwa. Imel kamar makullin zaure ne, wanda ya riƙe shi ba sai ya nemi na ɗakuna ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne sunanka da zai ci kasuwa da shi. Zai rubuta wa kawunka da ke Kano ko yayanka da ke Agadas cewa an kwantar da kai asibiti, a taimaka da jika ashirin cikin gaggawa. Zai tura wa ƴan ajinku wancan saƙon bursin, yanzu daga adireshinka na gaskiya, su kuwa su latsa ba tare da shakka ba tunda sun san ka. Ta haka saƙo ɗaya ke zagaye aji guda.

Yadda ake gane shi ba wuya, sai dai yana son a rage gaggawa. Sunan da ke fitowa a saman saƙo ba hujja ba ne ko kaɗan. Kowa na iya buɗe imel yau ya sa masa suna "Service de la Scolarité" ko "Rectorat". A waya sunan kaɗai ake gani, adireshin a ɓoye yake, sai ka taɓa sunan kafin ya bayyana. Ka taɓa, ka karanta shi harafi bayan harafi. Sukan ƙara harafi ɗaya, ko su sa sifili a madadin o, ko su haɗa r da n su yi kama da m.

A nan akwai wata matsala tamu da shawarwarin ƙasashen waje ba sa lissafawa. Can ana cewa duk saƙon hukuma da ya zo daga Gmail ko Yahoo na ƙarya ne. Mu kuwa malamai da ma'aikata da yawa da Gmail da yahoo.fr ɗinsu na kansu suke aiki, kuma mutanen kirki ne, saƙonsu na gaskiya ne. Saboda haka wannan ma'auni shi kaɗai ba zai fisshe mu ba. Abin dubawa shi ne me saƙon yake nema. Malami zai nemi ka turo aikin da ya ba ka. Ofishin rajista zai nemi takardu. Babu ɗayansu da ke da aikin yi da lambar sirrin imel ɗinka, ko ta Airtel Money, ko lambobin da aka turo maka ta saƙon waya. Duk wanda ya nema, ko da sunan shugaban jami'a ya zo, ka san da wa kake magana.

Sai wurin latsawa. Kada ka latsa kai tsaye, ka danna ka riƙe yatsanka a kai, adireshin da zai kai ka zai fito. Ka nemi layin karkace na farko bayan sunan shafin, ka karanta abin da ya zo kafinsa daf da shi, shi ne mai gidan. Shafin shiga na Google accounts.google.com ne. Idan ka ga google.com sannan ɗigo ya biyo baya da wani suna kafin layin, misali google.com.wani-abu.xyz, to wannan gidan "wani-abu" ne, an liƙa sunan Google a gaba don ido. Haka ma idan an gajarta adireshin da bit.ly da makamantansa, ba ka san inda za a sauke ka ba. Sanarwar hukuma da ke ɓoye inda take kai mutum, ni dai ba na bin ta.

Ƙaramin kwaɗon nan da wasu manhajoji ke nunawa kusa da adireshi, wanda aka koya mana cewa alamar aminci ce, ba abin da yake nufi ke nan ba. Yana nuna cewa wani na uku ba zai karanta abin da ke tsakaninka da shafin ba. Shafin ɓarawo ma yana samun kwaɗon, kuma kyauta. Hakanan batun kuskuren rubutu: da can ana gane su da gurguwar Faransanci, yanzu manhajojin da ke rubutu da kansu suna shirya musu wasiƙa tsaf, har ta fi ta wasu ofisoshin kyau.

Wasu ma ba sa wahalar ƙera shafi. Fom na Google kawai suke buɗewa, su sa tambari, su jera suna, lambar ɗalibi, imel, lambar sirri. Ka gangara ƙasan kowane irin fom ɗin, Google da kansa ya rubuta gargaɗin cewa kada a taɓa aika lambar sirri ta nan. Ba mai karantawa ne kawai. Game da cikar akwati kuma, Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, kuma kana iya duba nawa ka ci daga cikin manhajar Gmail ɗinka ba tare da bin saƙon kowa ba. Idan kuma saƙon ya zo da abin saukewa da aka ce jerin sunaye ne amma sunansa ya ƙare da .apk ko .exe ko .html, kada ka buɗe. Jerin sunaye ba ya neman a girka shi a waya, ba ya neman izinin karanta saƙonninka.

Akwai reshen da ke zuwa kai tsaye kan kuɗi. "Muna taya ka murna, an zaɓe ka bursin karatu a Kanada," ko Turkiyya, ko Maroko, ko an ɗauke ka horon aiki a wata ƙungiyar agaji. Ka fara tambayar kanka ko ka taɓa nema. Daga nan sai a ce ka biya kuɗin dosiye, jika sha biyar ko talatin, ta kamfanin aika kuɗi, da sunan wani mutum. Kana biya sai kuɗin inshora ya taso, sai na biza, har ranar da ka gaji ko gida suka gaji. Bursin gwamnatin Turkiyya, misali, kyauta ake nemansa a shafinsa na hukuma, ba a biyan ko sisi, ba a kuma bi ta hannun dillali. Kuɗin da hukuma ke karɓa da gaske yana da wurin biya sananne da rasit mai hatimi, ba ya shiga lambar wayar wani bawan Allah. Iyaye, don Allah idan yaro ya bugo yana cewa a sayar da akuya yau yau saboda an ba shi kwana biyu, ku ce masa ya je ofis da ƙafarsa ya tambayo tukuna.

Malamai ma ba su tsira ba, kuma nasu ya fi nauyi, domin a akwatinsu akwai makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawa. Su ana zuwar musu da gayyatar taron ilimi a ƙasar waje, ko mujallar da ke yabon bincikensu tana neman su shiga su duba wata takarda. Ko kuma gajeren saƙo da sunan shugaban tsangaya: yana cikin taro, ba zai iya ɗaukar waya ba, a taimaka a tura wa wani kuɗi zai mayar da yamma. Cewar ba zai iya ɗaukar waya ba ita ce ke tona asirin. Malam, a buga masa a lambar da aka sani tun da can, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kunyar tambayar babba ita suke dogara da ita.

Wani abu kuma da ba na intanet ba ne amma yana buɗe ƙofa ɗaya. Da yawa daga cikinmu a shagon buga takardu aka buɗe mana imel ranar da muke cika takardun shiga jami'a. Mai shagon ne ya zaɓi lambar sirrin, sau da yawa lambar wayarka ce ko shekarar haihuwa, kuma har yau ba a canza ba. Ba ina zargin masu shago ba ne, yawancinsu taimako suka yi. Amma kwamfutar da mutum hamsin ke zama a kanta a yini ba wurin barin asusu a buɗe ba ne. Idan za ka buga takarda, tura ta ta WhatsApp ko ka kai a kile na USB. In dole sai ka shiga imel a can, ka fita kafin ka tashi, kada ka yarda kwamfutar ta ajiye lambar.

Kariya mafi ƙarfi ita ce tabbatarwa mai mataki biyu, tana cikin saitin tsaro na asusun Google, kuma WhatsApp da Facebook ma suna da ita. Idan ka kunna, lambar sirri kaɗai ba ta isa a shiga. Sai dai ɓarawo ya san da wannan, shi ya sa zai bugo ko ya rubuto ya ce an turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure, ko na tabbatar da bursinka ne, ka karanto masa. Waɗannan lambobi su ne mataki na biyun. Ka kuma duba lambar wayar da ke maƙale da asusunka. Idan tsohon layi ne da ka yar tun kana sakandare, kamfani na iya sake sayar da shi ga wani, ranar da kake neman ceto kuma can za a aika.

In kuwa ka riga ka rubuta a shafin ƙarya, kada ka tsaya jin kunya, minti yana da daraja. Shiga asusunka ta manhajar da ka saba, canza lambar sirri nan take, ka canza ta a duk inda ka yi amfani da irinta. A saitin tsaro ka duba na'urorin da ke ciki, ka fitar da wadda ba ka sani ba. Ka duba ko an sauya lambar waya ko imel na ceto. Akwai wurin da mutane ke mantawa: ɓarawo kan saita asusun ya riƙa tura kwafin duk saƙon da ya shigo zuwa wani adireshi, ta yadda ko ka canza lamba yana ci gaba da karantawa. Wannan sai a kwamfuta ake ganinsa sosai, cikin saitin Gmail, wajen turawa da matatun saƙo. Bayan haka ka sanar a zauren ajinku da na gida cewa duk saƙon neman kuɗi da sunanka ba kai ba ne, ka kuma gaya wa ofishin da aka ari sunansa don su ja kunnen saura.

Idan kuɗi sun fita, ka garzaya wurin kamfanin da ka aika ta hannunsa da rasit ɗinka, wani lokaci ana iya tsayar da su matuƙar ba a karɓa ba. Sannan ka kai ƙara wurin ƴan sanda. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, kuma shiga asusun wani ba izini da damfara ta wannan hanya laifuka ne a ƙarƙashinta. Kada ka goge saƙon don haushi. Ka ɗauki hotonsa yadda adireshin mai aikowa zai fito, da adireshin shafin, da lambar da ka tura wa kuɗi, da ranar da awar, ka tafi da su duka.