Fim ɗin da ke mai da ganye fari: wasiƙa daga Berlin

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Hoton nan da na turo maka ranar Juma'a, wanda ka ce ƙanƙara ce ta rufe bishiyoyi har kana yi mini jajen sanyi, wallahi a tsakiyar watan Yuni na ɗauke shi, ina sanye da 'yar shara, gumi na tsiyaya. Ganye ne kore shar a lambun Tiergarten. Fim ɗin ne ya mai da shi fari fat, ya kuma mai da sama baƙi ƙirin kamar hadari ya haɗo. Ko taɓa shi da kwamfuta ban yi ba. Tunda kai ka fara danƙa mini kyamara a shagonka na Fagge, kai ya kamata ka fara jin yadda na sha fama kafin hoton ya fito.

Sunansa fim ɗin infared. In kana son ganin hasken infared da idonka, ɗauki rimot ɗin talabijin ka saita bakinsa da kyamarar wayarka ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan ƙwan yana ƙyaftawa a allo, alhali da ido ba ka ga komai ba. Idon ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen nanomita 700 (ma'aunin tsawon zangon haske), ƙarshen ja ke nan, abin da ke gaba da nan shi ne infared. William Herschel ne ya gano shi a 1800, wani Ba'amurke kuma, Robert Wood, ya wallafa hotunan da ya ɗauka da shi a 1910. Ɗanyen ganye yana maido da wannan haske da yawa, shi ya sa yake fari, shuɗin sama da ruwa kuwa ba su da shi sosai, sai su yi duhu. Kada yaran shago su ce maka yana gani cikin dare ko yana ganin zafin jiki. Wannan wata na'ura ce daban. Shi rana yake so, rana mai dukan ƙeya.

Na zo ƙasar nan da tunanin da kowa ke zuwa da shi, cewa a Turai duk abin da ka ambata yana kan kanta. Na shiga shagon hoto na farko na tambayi Kodak HIE, wanda na ji ana yabo. Dattijon da ke wurin ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya labarin mamaci. Kodak ta daina yin sa tun 2007. Na ce to Efke IR820? Masana'antar Fotokemika da ke yin sa a Kuroshiya ta rufe a 2012. Mai kala kuwa, Aerochrome, wanda asalinsa na sojan Amurka ne tun Yaƙin Duniya na Biyu, ana hawa jirgi da shi a gano kayan yaƙin da aka ɓoye da koren fenti (ganyen gaske ya fito ja, fenti ya tona kansa), an binne shi a 2009. Bayan Richard Mosse ya ɗauki hotunan yaƙin gabashin Kwango da shi, duwatsu da dazuka duk sun koma ruwan hoda, sai ragowar da ke cikin firizar mutane ta zama zinariya. Nadi guda ya haura Yuro 100, kuma ba ka da tabbacin yadda aka adana shi. Ni dai na ce a kai kasuwa.

Wanda ya rage ake yi sabo, biyu na fi sani. Akwai Ilford SFX 200 na Ingila, wanda ganinsa ke kaiwa wajen nanomita 740, mai sauƙin kai ne amma farin ganyensa bai cika tashi ba. Sai Rollei Infrared 400, da wani kamfani a kusa da Hamburg ke naɗewa yana sayarwa, amma fim ɗin kansa na Agfa-Gevaert ne na Beljiyam, wanda aka yi don ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama, tunda irin wannan haske ya fi ratsa hazo. Shi nake saye. Ana samun sa a girman milimita 35 mai hoto 36, da kuma mai faɗi da ake kira 120.

Inda nake samun sa shi ne shagon Fotoimpex, a unguwar Mitte. Yaya, ranar da na fara shiga sai da ƙwalla ta cika mini ido, don warin maganin wanki ya mai da ni ɗakin duhunka. Fim jere cikin sanyi, kowane kwali da ranar lalacewarsa, takardar hoto, tankin wanki, ma'aunin zafi, har matsin shanya. Kuma cike da samari da 'yan mata waɗanda aka haifa bayan dijital ta riga ta kashe mana kasuwa. A nan sana'ar da muka yi wa jana'iza a Kano ta koma abin ƙwalisa. Sai dai ba a ciniki. Abin da ke rubuce shi za ka biya, ba "nawa za ka rage mini", ba gyara, balle ka ce a rubuta maka sai ƙarshen wata kamar yadda mutumin Sabon Gari yake yi maka. Ranar Lahadi kuwa shagunan gari a rufe suke ruf, in fim ya yanke maka ranar Asabar da yamma, sai Litinin. Ta intanet ma ana saye, kwana biyu ko uku ya iso, in ba ka gida a bar wa maƙwabci, kuma doka ta ba ka kwana 14 ka mayar da kaya in ka fasa. Wannan kam na yaba.

Kwaɗayi ya taɓa kai ni. A wata kasuwar gwanjo na tarar da HIE nadi biyu a cikin kwalin tarkace, kusa da tsofaffin cokula. Mai kayan ya rantse a firji suka kwana shekara da shekaru. Na biya da rawar jiki. Da aka wanke, toka ce tun daga farko har ƙarshe, ko inuwar bishiya babu. Irin wannan fim ya fi kowane saurin mutuwa in ya sha zafi.

Fim kaɗai ba ya yin aikin. Sai ka ɗaura wa gilashin kyamara filta mai suna R72, wadda ke tare duk hasken da bai kai nanomita 720 ba. A hannu baƙa ce wuluk, sai ka ɗaga ta ga haske mai ƙarfi za ka ga ja can ciki. To da zarar ka ɗaura, ba ka ganin komai ta cikin kyamara. Dole ka girke ta kan ƙafa uku, ka tsara hoton, ka saita, sannan ka murɗa filta a makance. Fim ɗin da aka rubuta 400 a jikinsa, wato lambar saurin kama haskensa, ya koma kamar 6 ko 12. Kuma ka tuna ɗan jan ɗigon nan da ke jikin gilashin Pentax K1000 ɗinka, wanda na taɓa tambayarka amfaninsa ka ce ado ne? Ashe na infared ne. Wannan haske ba ya taruwa daidai inda na ido ke taruwa, don haka bayan ka saita sai ka ɗan juya nisan ya koma kan jan ɗigon. Shekara nawa muna kallon sa! Mitar haske ma ba ta da tabbas a nan, shi ya sa kowane hoto nake ɗaukar sa sau uku, ina ƙarawa ina ragewa. Nadi mai 36 ya zama hoto 12 ke nan.

Yanzu ga inda gida ya fi su, wanki. Ka tuna ranar suna ko ɗaurin aure, mu kai fim da hantsi, kafin la'asar muna rabon hotuna gida-gida? A nan na kai nadina na farko wani babban kanti na sabulu da man shafawa. Ba wanda zai karɓa ya dube ka. Ambulan za ka cike, ka jefa a akwati, a kwashe zuwa wani gari. Sai da na yi mako biyu ina leƙe. Da ya dawo, hotuna huɗu na farko duk haske ya ci gefensu. Na ɗauko fushina na tafi wani ƙaramin ɗakin wanki don a shaida mini an cuce ni. Matar da ke wurin ta ɗaga negatif ɗin ga fitila, ta tambaye ni a ina na loda shi. Na ce a bakin kogi, da rana tsaka. Ta ce to kai ka ƙone abinka. Ashe jikin fim ɗin roba ce garai-garai, haske yana bin harshen da ya leƙo waje ya zarce ciki kamar ruwa a tiyo. A inuwa mai duhu ake loda shi, a mayar da shi cikin baƙin gwangwaninsa da an cire. Kunya kamar in nutse. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ita ce ta ƙara gaya mini cewa wasu injinan wanki da wasu kyamarori na zamani suna amfani da ɗan hasken infared a ciki wajen ƙirga fim, kuma yana iya taɓa mai tsananin ji irin HIE. Aikinta kuwa tsaf, babu ƙura babu ƙarzuwa, amma kuɗin wanki da na sikanin, wato ɗora hotunan a kwamfuta, ya fi kuɗin fim ɗin. A ƙasar nan kaya ba su kai hannun mutum tsada ba. Da makullin hasken kyamarata ya fara maƙalewa, mai gyara ya ce in jira makonni, kuɗin da ya yanka kuma ya isa in sayi wata. Na tuna mai gyaranmu da ke warware kyamara kan tabarma, da ɗan sukundireba da man keken ɗinki, kana shan shayi ya miƙo maka abarka.

Sai na koma makarantarka. Banɗakina ba shi da taga, na toshe ƙasan ƙofa da tawul, na zauna a bakin baho ina laluben fim cikin duhu. Siriri ne, santsi gare shi, kuma ba ya yaguwa da hannu, sai da almakashi. Ina fara jiƙa shi da ruwa zalla, ruwan ya fito baƙi-baƙi mai shuɗi, ranar farko na zaci hotunan ne suka narke. Maganin wankin da nake amfani da shi Rodinal ne, wanda ake yi tun 1891, kashi 1 cikin ruwa kashi 50, minti 12, a zafin digiri 20. Dariya ta kama ni a nan: kai ƙanƙara kake aike na in sayo don ruwa ya sauko 20, ni kuma da hunturu sai na dafa ruwa a buta kafin na famfo ya hau 20. Ruwan Berlin yana da farar ƙasa, yana barin tabo in ya bushe, don haka ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa na jarka nake yi. Tsohuwar fiksa kuma, maganin da ke tabbatar da hoto a jikin fim, ba a zubar da ita a kwata yadda muke yi, saboda azurfar da ke ciki. Tarawa nake a jarka in kai wurin karɓar shara mai guba. Da farko na ga kamar wahalar banza ce, yanzu in na tuna kwatar bayan shagonmu da awakin da ke sha daga ciki, jikina yana sanyi.

Na gwada shi kan mutum sau ɗaya, wani abokina ɗan Damagaram. Fatarsa ta fito fes, ta yi haske, ƙurajen aski duk sun ɓace, baƙar rigarsa ta koma toka-toka, amma idanun suka yi zurfi kamar rijiya. Ya ce in ɓoye kada matarsa ta gani. Da amaren Kano sun san da shi, da masu man bilicin sun rufe shago, in dai za su yarda da idanun.

Babban abin haushin shi ne rana. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Fim yana firjina, filta tana jaka, amma daga Nuwamba zuwa Afrilu bishiyoyin garin nan tsirara suke, a Disamba kuma kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, in ma ta fito. Fitilun gida na yanzu ba sa ba da wannan haske. Watanni kaɗan nake da su a shekara, su ma ina duba hasashen yanayi kamar manomi. Ku kuwa ga darbejiya da mangwaro da ganyensu kusan kullum, ga rana har kuna gudun ta, amma ko fim na gama-gari sai an sha yawo.

Shi ya sa in Allah ya kai mu Agusta zan taho da nadi 10. Ba zan aiko ta gidan waya ba, zafin sito zai kashe su. A jakar hannu zan riƙe su cikin farar leda, in roƙi a duba da hannu a filin jirgi, don na'urar da ke haska manyan akwatuna da sababbin nan na haska jakar hannu masu juyawa suna lalata fim. Kai kuma ka taimaka mini da abu uku. Ka nemo tankin ƙarfen nan in yara ba su mai da shi gidan gishiri ba. Ka yi magana da mai kemis ɗin layinku, tunda yana da sola, ya ara mana lungu a firjinsa. Sannan ka karkaɗe Pentax ɗin, ka duba mini lambar da ke bakin gilashin, 49 ce ko 52, don in san filtar da zan sayo. Ina so mu hau Dala da hantsi bayan an kwana ana ruwa, mu kuma je Tiga.

A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso, amma ya kusa ƙarewa.