Faifan ajiya mai tera 8: wanda nake saya da wanda nake gudu

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, daga Nima da Mamobi har Madina, a nan Accra ta Ghana. Biki ɗaya, daga sa lalle zuwa walima, sai ya cinye ɗaruruwan gigabayit, don haka sayen faifan ajiya na kwamfuta ya zame mini kamar sayen shinkafa. Samarin da ke koyon aiki a wurina kullum tambayarsu ɗaya: "Maigida, wanne ne mai araha?" Ga amsar a rubuce, in huta da maimaici.

Kamfanoni uku ne kacal suka rage masu ƙera irin wannan faifai a duniya: Seagate da Western Digital da Toshiba. Duk wani baƙon suna da ka gani a jikin kwali, abin da ke ciki na ɗayansu ne, ko kuma ba faifai ba ne kwata-kwata. Lissafin araha kuma ba wuya: ka raba kuɗin da aka ce maka da yawan terar (tera ɗaya gigabayit dubu ce), ka ga sidi nawa tera ɗaya ta tsaya. Sau da yawa mai 8 ya fi biyu masu 4 sauƙi.

Ni dai WD Red Plus nake saya, kuma ba na ɓoyewa. Dalilin yana cikin yadda ake rubutu a kan faifan. Akwai tsarin CMR, inda kowane layi yake zaman kansa, akwai kuma SMR, inda ake ɗora layi kan layi kamar kwanon rufi. In ka ɗaga kwano ɗaya dole ka taɓa na kusa da shi, shi ya sa SMR yake fara kwafi da gudu, in aiki ya yi nisa ya koma tafiyar hawainiya. A 2020 aka gano wasu WD Red masu tera 2 zuwa 6 SMR ne, aka yi ta ƙorafi, daga nan kamfanin ya ware masu CMR ya sa musu suna Red Plus. To ka duba kalmar Plus ɗin da idonka. Ba ya ɗaukar zafi sosai, ba shi da hayaniya, garantinsa shekara 3, kuma an yi shi don ya kwana yana aiki. IronWolf na Seagate sa'ansa ne, in ya fi araha ranar ka ɗauka. BarraCuda mai tera 8 SMR ne, na bar wa masu tara finafinai. WD Purple na kyamarar tsaro ne. N300 na Toshiba ba laifi, samunsa ne aiki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na taɓa sayen "sabo" a hannun wani matashi a bakin titi, leda a rufe, farashi kamar kyauta. Wata huɗu ya fara ƙas-ƙas. Da wani abokina mai gyara ya duba, ashe faifan ya yi shekaru yana aiki a wani wuri kafin ya zo hannuna. Bikin 'yar wata Hajiya ya tafi da shi. Na je har gida na durƙusa, "Hajiya, a yi mini afuwa." Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, ai ba a sake ɗaura auren." Gara da ta zage ni.

Tun daga ranar, in zan shiga Circle, inda ake sayar da kayan waya da kwamfuta, da kwamfutata nake zuwa. A gaban mai shago nake haɗa faifan in buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta, in ga awa nawa ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, sai ka yi lissafi. Amma ko wannan ana goge shi. A farkon 2025 aka bankaɗo tsofaffin Seagate Exos da wasu dillalai suka mayar da lissafinsu sifili suka sayar a matsayin sababbi, har a Jamus. Abin da ya tona asirin wani lissafi ne na biyu mai suna FARM, wanda manhajar smartmontools ke karantawa. Ka kuma sa lambar faifan a shafin kamfanin ka ga ko garantin na nan da rai.

Su kuma 'yan ƙananan akwatunan da ake tallata wa a intanet wai tera 16 a kuɗin wayar hannu ta biyu, in ka fasa ɗan katin memori za ka tarar an manna. Manhajar H2testw na kama su, sai dai yana cin lokaci. Kada ka tura MoMo, wato kuɗi ta waya, kafin kaya su zo hannunka, kuma ka karɓi rasit mai lambar faifan a jiki. Abu ɗaya da ba cuta ba: mai tera 8 Windows zai nuna maka kusan 7.27, bambancin ƙidaya ne, kada ka koma ka shaƙe mai shago.

Babban faifai mai inci 3.5 yana son wutarsa ta daban, kuma dumso, wato ɗauke wuta, ba ya sallama kafin ya shigo, don haka ka sa kuɗin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, cikin lissafi. Ni yanzu biyu nake saye, ɗaya a shago, ɗaya a ɗakin yayata a Mamobi, duk Juma'a bayan masallaci in je in kwafe aikin mako.