Sayana Press: allurar tazarar haihuwa da mace ke iya yi wa kanta

Maganin da ke cikin Sayana Press ba sabo ba ne. Shi ne dai na allurar Depo-Provera ta wata uku-uku da mata suka saba karɓa a asibiti. Abin da kamfanin Pfizer ya sauya shi ne yawansa da mazubinsa: miligiram 104 maimakon 150, an ɗura shi a 'yar jakar roba mai haɗe da gajeriyar allura, kuma ƙarƙashin fata ake yin ta, ba cikin tsoka ba. Nijar na cikin ƙasashen da aka fara gwada rarraba ta a 2014. Yanzu a Najeriya ma ma'aikaciyar lafiya kan koya wa mace, idan hannunta ya faɗa a ba ta ta tafi da ita gida.

Yin ta ba wuya, amma wurare uku ake yawan kuskure. Na farko girgizawa. Maganin yana kwantawa a ƙasa, sai an girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 30. Na biyu, akwai 'yar rata tsakanin murfin allurar da wuyan jakar, dole a tura murfin har ratar ta rufe, domin hakan ne ke huda jakar. In ba ta rufe sosai ba, a yi ta matsawa maganin ba zai fito ba. Daga nan a cire murfin, a tsunkulo fatar ciki nesa da cibiya ko ta gaban cinya, a soka, a matsa a hankali na daƙiƙa 5 zuwa 7. Gaggawa a nan ita ce kuskure na uku, domin takan bar saura a jakar. Kada a murza wurin. Allurar da aka yi amfani da ita a jefa ta cikin gwangwani mai murfi, a kai asibiti.

Duk mako 13 ake sabuntawa. Akwai sassaucin mako 2 kafin ranar da mako 4 bayanta, wadda ta wuce haka ta koma asibiti a tabbatar ba ta da ciki tukuna. Idan an fara cikin kwana 7 na farkon al'ada tana kamawa nan take, in ba haka ba a guji saduwa ba kariya na kwana 7.

Wadda ta fi cin moriyarta, a ganinmu, mai shayarwa ce da ke gudun kwanika. Daga mako 6 bayan haihuwa, wato kusan lokacin gama wankan jego, za ta iya farawa, kuma ba ta ƙafar da nono. Ga amarya ko wadda ke son ciki nan da 'yan watanni kuwa ba zaɓi mai kyau ba ce. Bayan allurar ƙarshe ciki kan yi jinkirin shiga, wata 10 ko shekara guda ba abin mamaki ba ne. Ba ta kashe mahaifa kamar yadda ake yaɗawa, amma jinkirin gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa wa mace da maigidanta tun kafin a soka. Wadda ta haura 40 a fara yi mata awon hawan jini. Idan ya kai 160/100 a nemi wata hanyar. Haka ma mai sankarar mama, mai ciwon hanta mai tsanani, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Maganin yana ɗan rage ƙwarin ƙashi yayin da ake amfani da shi, abin dubawa ne ga mai dab da ɗaukewar al'ada.

Babban aibinta rikicewar jini. A watannin farko yakan riƙa ɗigowa ba ƙa'ida, daga baya ga mata da yawa ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar ba ta nufin jini ya taru a ciki, bangon mahaifa ne bai yi kaurin da zai zubar ba. Ɗigowar ce ke sa mata watsar da allurar, saboda tana dagula musu lissafin sallah da azumi, abin da takardar da ke cikin kwalin ba ta san da shi ba. Wadda ke shirin farawa gab da Ramadan ta yi wannan lissafin, ta kuma nemi bayanin hukuncin jinin istihala wurin malamai. Wasu kan ƙara ƙiba, wasu ciwon kai. Ba ta kuma kare mace daga ƙanjamau ko sauran cututtukan sanyi.

Sai ajiya. Ba a sa ta a firji, amma ba a son zafin ya wuce digiri 30, abin da ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ke zarcewa da bazara. A nema mata wuri mafi sanyi a ɗaka, inda yara ba sa kaiwa. A asibitocin gwamnati kyauta ce a ƙa'ida, sai dai takan yanke. Mai saye a kemis ta duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, kuma in ledar ta huje ta mayar.