Sharhi kan OpenModelica bayan aikin burtsatsen sola a Gombe

Wata biyu na shafe ina amfani da manhajar OpenModelica, wadda ake kwaikwayon aikin na'urori da ita a kwamfuta, wajen tsara burtsatse mai aiki da hasken rana a wata gona da ke hanyar Dadin Kowa, kuma abin da ya kai ni gare ta shi ne samfuran kwaikwayo uku da ba sa jin yaren juna. Ni na gina na farantan sola da na tanki, wani abokin aikina a Bauchi kuwa ya riga ya gina na famfo a wata manhaja daban mai suna Simulink, kuma babu mai niyyar rushe nasa ya sake daga tushe.

Ƙa'idar FMI, wato tsarin da ke ba samfuran manhajoji daban-daban damar aiki tare, ita ce ta raba gardama. Kamfanin Daimler na Jamus ne ya assasa ta, ta fito a 2010, aka sabunta ta a 2014 da 2022. Ana ƙunshe kowane samfuri a fayil ɗaya mai suna FMU, wanda ke ɗauke da lissafinsa da jerin abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa, sannan manhajar ta riƙa musayar alƙaluma tsakaninsu bayan kowane ɗan taƙi na lokaci.

A gwajin farko tankin lita 10,000 ya cika kafin daƙiƙa ɗaya. Laifina ne, domin famfon yana ba da lita a minti, tankina kuwa yana karanta ta a matsayin kubik mita a daƙiƙa, wato na ninka ruwan sau 60,000 da hannuna.

Bayan na gyara wannan ne haɗin ya nuna amfaninsa. Kowane samfuri shi kaɗai lafiya lau yake, amma da suka haɗu sai na ga cewa da hantsi, musamman da na rage ƙarfin rana don kwatanta hazon hunturu, injin famfon yana tashi ya mutu sau da yawa, saboda wutar da yake ja lokacin tashi ta fi abin da farantan ke bayarwa. Wannan ma bai bayyana ba sai da na rage taƙin musayar daga daƙiƙa 10 zuwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, abin da ya sa tsohuwar kwamfutata ta yi ta huci har la'asar.

OpenModelica kyauta ce, kuma tana aiki ba tare da intanet ba, sai dai wanda bai san Modelica ba, wato harshen da ake rubuta samfuran da shi, ya ware mako biyu na koyo. Mun ƙara faranti biyu a tsarin kafin mai gonar ya sayi ko wayar lantarki ɗaya.